Kecof: daga ina sunan ya fito, kuma me yake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar soya dankali da kaza, kullum ina cikin amfani da kecof, wato jan mahaɗin nan na kwalba da ake rubuta ketchup a jikinsa. Wani ya ce mini sunan ba Turanci ba ne, Sinanci ne, kuma wai ma'anarsa "ruwan tumatir". Shin gaskiya ne? Sannan me ya sa wani lokaci nake ganin an rubuta catsup?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Wanda ya ba ki wannan labari ya yi daidai a rabin farko, ya kauce a rabi na biyu. Sunan ba na Turawa ba ne, daga kudancin ƙasar Sin ya taso. Sai dai babu tumatir a cikin ma'anarsa ko kaɗan. Abin da kalmar take nufi a bakin masu ita shi ne ruwan kifin da aka tsima da gishiri. Ta yi fiye da shekara ɗari tana yawo a littattafan Ingila kafin a samu wanda ya haɗa ta da tumatir.

Idan aka ce Sinanci, mutane kan ɗauka harshe ɗaya ne, alhali harsuna ne da dama da suka yi tarayya a rubutu, amma mai jin wannan ba lalle ya ji wancan ba. Wanda ya shafe mu a nan shi ne Hokkiyen, harshen kudancin lardin Fujiyan da ke bakin teku, daura da tsibirin Taiwan. A wannan harshe akwai kalma mai gaɓa biyu, ke-chiap, wasu garuruwan kuma su ce koe-chiap. Gaɓar farko tana nufin kifi ko wani naman ruwa da aka adana cikin gishiri. Ta biyun tana nufin ruwan abu, kamar ruwan 'ya'yan itace ko romon girki. Wani ɗan mishan mutumin Sikotlan, Carstairs Douglas, wanda ya zauna a garin Amoy da yanzu ake kira Xiamen, ya wallafa ƙamus na harshen a 1873, kuma ya sa kalmar a ciki da wannan ma'ana ta ruwan gishirin da aka tsima kifi a cikinsa. Yau kalmar ta tsufa, ba kasafai ake jin ta ba ko a can.

Ki lura da harafin p da ke ƙarshen sunan, domin shi kansa shaida ne. A da can kalmomin Sinanci da yawa suna ƙarewa da p ko t ko k. Mandarin, wato harshen Beijing da gwamnati ke aiki da shi, ya zubar da waɗannan sautuka tun ƙarnoni da suka wuce, shi ya sa kalmar ruwan abu a Mandarin ta zama zhi kawai. Harsunan kudu ne suka riƙe su. Don haka duk kalmar da ta fito daga Sin tana ɗauke da wannan p, daga bakin mutanen kudu ta fito, mutanen tashoshin jiragen ruwa.

Shi abin da sunan yake kira har yau ana yin sa, kuma miliyoyin mutane ba sa girki sai da shi. A Biyetnam ana ce masa nuoc mam, a Tailan nam pla, a Filifin patis. Yadda ake yin sa ba wuya, haƙuri yake so. Ana kamo ƙananan kifin teku, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, ba a feɗe su ba a cire komai. A samu babbar randa ko gangar katako, a shimfiɗa kifi, a barbaɗa gishiri, a sake shimfiɗa kifi, a haka har ta cika, galibi kashi uku na kifi kashi ɗaya na gishiri. Sai a danne da abu mai nauyi a rufe, a bar shi watanni, mai kyaun yakan kai shekara ko ya wuce. Yawan gishirin yana hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama, su kuwa sinadaran narkar da abinci da ke cikin hanjin kifin suna ta aikinsu a hankali, suna narkar da naman har ya zama ruwa. In lokaci ya yi sai a buɗe 'yar kafa a ƙasan gangar, ruwa ya riƙa tsiyaya, garai-garai, launinsa ja-ja mai duhu kamar shayin da ba madara. Ba kauri, ba zaƙi, gishiri ne da ƙarfin wari. Ba a shan sa, ɗigawa ake yi a miya ko a shinkafa.

Bahaushiya ba ta buƙatar dogon bayani kafin ta gane wannan abu, domin aikin daddawa yake yi. Kalwa ce aka dafa aka rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta canza, warinta ya cika gida, amma ɗan ƙullin da aka jefa a tukunya shi ke tayar da miyar kuka. Dalilin kuma ɗaya ne a duka biyun. Idan furotin ya narke, ko na kifi ko na wake ko na kalwa, yana sakin wani sinadari mai suna gulutamet, shi ne harshe yake ji a matsayin wannan garɗin da ba gishiri ba, ba zaƙi ba, ba tsami ba. Wani masanin sinadarai na Jafan, Kikunae Ikeda, shi ya gano haka a 1908 daga ciyawar teku da suke yin romo da ita, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, farin magin da muka sani. Ki riƙe wannan a ranki, zai yi amfani idan mun zo kan tumatir.

Mutanen Fujiyan ƙasarsu duwatsu ce, gonar noma kaɗan, teku kuma a ƙofar gida. Saboda haka suka zama fatake na ruwa. Tun kafin Bature ya san hanyar zagaya Afirka, jiragensu suna zirga-zirga zuwa Biyetnam, Kambodiya, Malaka, Manila da tsibirin Jawa, da yawansu kuma suka zauna a can suka yi aure suka kafa masana'antu. Duk inda suka sauka sun bar kalmomin kicin. A Indunusiya har gobe awara sunanta tahu, taliya kuma mi ko mie, duka daga Hokkiyen. Sunan Indomie da yaranmu ke ci haɗin Indo ne na Indunusiya da wannan mie. To ta wannan ƙofar ke-chiap ta shiga harshen Malay ta zama kecap, a Malesiya su ce kicap. Harafin c a rubutunsu kamar namu yake, yadda muke furta shi a "ci" da "ciki". A Indunusiya, kafin gyaran rubutun da suka yi a 1972, ana rubuta ta ketjap bisa salon mutanen Holan da suka mulke su.

A can ne ma'anar ta fara faɗaɗa. Kecap ta tashi daga ruwan kifi kaɗai ta zama sunan kowane tsimammen ruwan ɗanɗano, sannan a hankali ta fi karkata ga wanda ake yi da waken suya. Yau a Indunusiya akwai kecap asin mai gishiri, akwai kecap manis, baƙi mai kauri da zaƙi, na kifin kuma sai an ƙara masa bayani an ce kecap ikan, domin ikan shi ne kifi.

Turawa sun tarar da wannan kasuwa ce tana ci. An kafa kamfanin cinikin Gabashin Indiya na Ingila a 1600, na Holan a 1602. Ingilishi suka buɗe rumbun ciniki a Bantam da ke Jawa, suka zauna har 1682 da aka kore su, sai suka koma Benkulu a tsibirin Sumatara a 1685. Sun kuma yi wani a Tonkin, arewacin Biyetnam, daga 1672 zuwa 1697. A duk waɗannan wurare dillalan da suke hulɗa da su akwai 'yan Fujiyan da yawa. Masana sun rabu a kan ko Ingilishi sun ji kalmar kai tsaye daga bakin Hokkiyen ne ko ta bakin Malay. A ganina wannan saɓani ba ya canza komai, tunda ita kanta ta Malay ɗin aro ce daga Hokkiyen, kuma a tashar jirgi irin Bantam harsunan biyu a cakuɗe suke a rumfa ɗaya.

Akwai wata kalma da ta bi wannan hanya a daidai wannan zamani, kuma tana ƙara wa bayanin ƙarfi. Ganyen shayi a Hokkiyen te ne. Mutanen Holan suka ɗauke ta daga waɗannan fatake, daga nan Ingilishi suka samu tea, Faransawa suka samu thé. A sauran sassan Sin kuwa cha ake cewa, ita ce ta bi ta tudu ta shiga Farisanci da Larabci, ta iso mu a matsayin shayi. Wato ba baƙon abu ba ne Turanci ya ari kalmar abinci daga Hokkiyen a ƙarni na 17.

A ƙarshen wannan ƙarni sunan ya fara bayyana a rubuce a Ingila. Wani ƙaramin ƙamus na shekarun 1690 ya kawo catchup, ya fassara ta da cewa mahaɗi ne mai daraja na Gabashin Indiya, sunan da suke kiran duk wannan yanki da shi. A 1711 wani ɗan kasuwa mai suna Charles Lockyer ya wallafa bayanin cinikin da ya gani a can, ya ce ruwan waken suya daga Jafan ake kawo shi cikin ganguna, ketchup mafi kyau kuma daga Tonkin, amma dukansu ana yin masu kyau a Sin ana sayarwa da arha. Wannan jimla tana da nauyi ƙwarai wajen masu bincike. Ta bambanta ketchup da ruwan waken suya, ta kuma danganta shi da Tonkin, ƙasar ruwan kifi. Shi kuwa catsup da kika gani, marubucin nan Jonathan Swift ya yi amfani da shi a 1730. Duka ukun kalma ɗaya ce. Bature ne ya ji baƙon sauti ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, a zamanin da ba a daidaita ƙa'idar rubutu ba, wasu kuma suka lanƙwasa shi ya yi kama da kalmomin da suka saba. Babu ruwan catsup da kyanwa, wato cat a Turanci, babu ruwan catchup da cim ma wani a guje, wato catch up, duk da haka ake ba yara labari a wasu wurare.

Yanzu mu dawo kan maganar "ruwan tumatir", domin wanda ya gaya miki ba daga kansa ya ƙirƙira ba. A harshen Kanton, wanda ake yi a Guangzhou da Hon Kon, tumatir sunansa faan-ke, ma'ana gautan baƙi, tunda daga waje aka kawo shi. Idan aka gajarta aka haɗa da kalmar ruwan abu sai a samu ke-jap, kuma hakika haka mutanen Hon Kon suke kiran kecof a yau. Duk wanda ya ji wannan zai rantse ya gano asalin kalmar. Amma kama da wane ba ta wane. Gaɓar ƙarshe ɗaya ce a harsunan biyu, gaskiya ne. Ta farkon ce daban: ke ta Kanton gauta ce, ke ta Hokkiyen kifin gishiri ne, ko a rubutu alamominsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi kashe maganar shi ne lokaci. Tumatir ya isa Sin wajen ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17, aka daɗe ana shuka shi don ado, bai zama abin miya na kowa ba sai can baya sosai. Ingilishi kuma sun yi ta rubuta sunan tun ƙarshen ƙarni na 17, daga baya suka riƙa jera kayan haɗinsa dalla-dalla, babu tumatir a ko ɗaya. Kalma ba za ta fito daga sunan abin da bai riga ya shiga tukunyar ba. A binciken asalin kalma, kamannin sauti shi ne mafi raunin hujja. Sai an tambaya yaushe aka fara jin ta, a bakin wa, kuma me take nufi a lokacin.

Da wannan ma'auni nake ajiye wani ra'ayin da wasu masana tarihin girki suka kawo, cewa asalin daga Larabci ne. Akwai wani tsohon girki na Farisa da Larabawa suka kira sikbaj, nama ne da ake dafawa da ruwan khal. Ya shiga Andalus ya zama escabeche, soyayyen kifi da ake jiƙawa a khal, Ingilishi kuma suka ce masa caveach. Tarihin wannan girki gaskiya ne, amma ba shi ya haifi ketchup ba. Rubuce-rubucen farko duka Gabas mai nisa suke nunawa, kuma babu inda p na ƙarshe zai fito daga waccan kalma.

Abin da ya faru a kicin ɗin Ingila shi ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, domin a nan sunan ya rabu da abin. Kayan da aka yi watanni ana tahowa da shi a jirgi tsada gare shi, sai matan gida suka shiga kwaikwayo da abin da ke hannunsu. A littafin girkin Eliza Smith na 1727 akwai yadda ake haɗa shi: ƙananan kifin gishiri, ƙananan albasa, ruwan khal, giyar inabi, kanumfari, citta, gyaɗar ƙamshi, masoro da ɓawon lemun tsami, a zuba a kwalba a riƙa girgizawa kullum har ya haɗu. Kifin yana nan tukuna. Wani littafin na 1732 ya kawo na wake, ya ce daga Benkulu aka samo shi. A 1747 Hannah Glasse ta sa nata a babin da ta ware wa kyaftin-kyaftin na jiragen ruwa, ta ce zai yi shekara ashirin bai lalace ba. Wannan yana nuna mana amfaninsa a wurinsu. Mutumin da zai yi wata shida a teku yana cin busasshen biskit da naman gishiri yana buƙatar abin da zai ɗiga ya ji ɗanɗano, wanda kuma ba zai ruɓe ba.

Daga nan kifin ya fara janyewa. Suka gano cewa laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, idan aka yayyanka ta aka barbaɗa gishiri aka bar ta ta kwana, tana fitar da baƙin ruwa mai wannan garɗin. Sai a tace, a tafasa da kayan ƙamshi, a ɗura a kwalba. Wannan ne ya zama kecof na gama-gari a Ingila tsawon ƙarni na 18 da na 19. Aka yi na ɗanyen 'ya'yan itacen walnut, aka yi na halittun teku masu ɓawo, aka yi na kokwamba da na lemo. Zuwa lokacin, in Bature ya ce ketchup yana nufin duk wani ruwan ɗanɗano mai gishiri da yaji, mai duhu, mai jure ajiya, wanda ake zubawa kaɗan a miya ko a nama. Sunan ya koma na aikin da abin yake yi, ko da me aka yi shi. Na laimar kwaɗin har yanzu ana sayar da shi a Ingila. Mahaɗin Worcestershire kuma, wanda kamfanin Lea da Perrins na Ingila ya fara sayarwa a shekarun 1830, har yau da kifin gishiri a cikinsa, ya fi jan kecof ɗinki kusa da na asali nesa ba kusa ba.

Tumatir ta wata nahiyar ya taho. Ɗan Amurka ta Kudu da Meziko ne, sunansa daga tomatl na harshen Nahuwatil, harshen mutanen Aztek. Sifaniyawa suka ci birninsu a 1521, suka kai irin Turai, suka ce masa tomate, kuma daga wannan tushe ne sunansa a Turanci da Faransanci da namu tumatir suka fito. Mutanen Sifaniya da Italiya sun riga kowa sa shi a tukunya. Ingilishi sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi saboda danginsa, domin gida ɗaya suke da tsirrai masu guba irin zaƙami. A 1812 wani likita a birnin Filadelfiya na Amurka, James Mease, ya wallafa yadda ake yin kecof da tumatir, kuma shi ne mafi daɗewa da aka fi sani a buge. Nasa babu sukari babu khal, tumatir ne da gishiri da kayan ƙamshi da 'yar barasa don ajiya. Ba abin mamaki ba ne tumatir ya dace da wannan gurbi, domin nunanne yana cikin kayan lambu mafi yawan gulutamet. Garɗin da aka nema a kifi, aka same shi a laimar kwaɗi, shi aka sake samu a tumatir. Kayan haɗin sun yi ta sauyawa, abin da harshe ke nema bai sauya ba.

Zaƙi da kauri kuwa aikin masana'antun Amurka ne a rabin ƙarni na 19 na biyu. Ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu: Henry Heinz bai ƙirƙiri kecof na tumatir ba. Kamfaninsa da ke Pittsburgh ya fara sayar da shi a 1876, lokacin da wasu da yawa sun riga shi. Kuma kecof na wancan zamani ba abin alfahari ba ne. Kakar tumatir gajera ce, sai masu gwangwani su tara ɓawo da ragowar da aka share daga ƙasa da wanda ya fara lalacewa, su zuba a ganguna su ajiye don sauran shekara. Don kada ya ruɓe su zuba sinadarai irin su benzowet, don ya yi ja su ƙara rini da ake samu daga kwalta. Babban masanin sinadarai na ma'aikatar gona ta Amurka, Harvey Wiley, ya tashi haiƙan a kan wannan. A 1902 ya tara matasa 'yan sa-kai yana ciyar da su abinci mai waɗannan sinadarai yana duba lafiyarsu, kuma gwagwarmayarsa tana cikin abin da ya kai ga dokar tsabtar abinci da magunguna ta 1906. Heinz ya goyi bayan wannan tafiya, ya kuma nemi hanyar yin kecof ba tare da benzowet ba. Hanyar ita ce nunannen tumatir mai kyau da yawa, wanda ke da sinadarin da ke sa kauri, sai a ƙara khal sosai don ya kare shi daga lalacewa, a ƙara sukari don ya danne tsamin khal ɗin. Kauri da zaƙi da tsamin da kike ji yau daga wannan dabarar ajiya suka samo asali. Tunda abinci kike sayarwa yana da kyau ki san cewa babban cokali ɗaya na kecof yana ɗauke da kusan giram 4 na sukari, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, abin lura ne ga mai ciwon suga. Shi ya sa kuma ba ya maye gurbin tumatirin gwangwani ko na leda a miya.

To me kalmar take nufi a yau? Ya danganta da inda kike tsaye. A Amurka doka ce ta yanke. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ƙayyade cewa abin da za a kira da wannan suna dole a yi shi da tumatir, ta amince da rubutun ketchup da catsup da catchup duka, har kaurinsa ta auna: idan aka zuba shi a ma'aunin da aka tanada, kada ya gangara fiye da santimita 14 cikin daƙiƙa 30. Rubutun catsup ya daɗe yana gogayya a can, kamfanin Del Monte bai bar shi ba sai a 1988, kuma har yanzu akan ci karo da shi. Idan kin gan shi a kwalba, abu ɗaya ne da wanda kika saba saye. Ki kuma duba yadda yawancin kwalabe suke rubuta tomato ketchup, kalma biyu. Da a ce ketchup tana nufin ruwan tumatir tun asali, da ba a buƙaci ta farkon ba. Ragowar zamanin da dole mai saye ya faɗi wanne yake so ne, na tumatir ko na laimar kwaɗi ko na kifi.

A wasu ƙasashen ma ba a cika amfani da sunan ba. A Ostireliya da Afirka ta Kudu yawanci tomato sauce suke cewa. A Filifin akwai kecof na ayaba, wanda ake dangantawa da wata masaniyar sarrafa abinci 'yar ƙasar, Maria Orosa, ya kuma yaɗu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da tumatir ya yi wuya: ayaba ce da khal da sukari da kayan ƙamshi, a sa mata jan launi. A Indunusiya kuwa, inda kalmar ta zauna tun kafin Turawa su ji ta, ba ta taɓa komawa kan tumatir ba. Wanda ya shiga gidan abinci a Jakarta ya nemi kecap, baƙin ruwan waken suya mai zaƙi za a miƙo masa. In jan yake so ya ci dankali, sai ya ce saus tomat.